Ina aka rubuta haihuwar kakanninmu na Zongo, unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana?

LITININ DA DARE

Rabi Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon, abin ne ya tsaya min a rai. Yarona ya samu gurbin karatu a waje, muka shiga neman takardun tafiya. Ubansa mutumin Nijar ne, don haka ta wajena ake bi. A wani ofishi, ba zan kama suna ba, ma'aikacin ya dubi sunan yaron ya ce ina ne garinku? Yaro ya ce Kumasi. Ya ce a'a, garinku na asali. Na ce ranka ya daɗe, a Aboabo aka haife ni, a Yalwa aka haifi ubana, kabarinsa yana Tafo, duk a nan Kumasi. Ya ce to in kawo shaidar cewa iyayen ubana a ƙasar nan aka haife su. Na dawo gida na zazzage jakar takardun marigayi Baba. Katin zaɓensa ya ce Issaka Mahama, 1952. Takardar gama makaranta ta ce Issaka Garba, 1950. Mu kuma Isiyaku muka sani, ɗan Malam Muhammadu, tsofaffi suna kiransa Ɗantala. Don Allah ta ina zan fara?

Hajiya Mai Koko:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ji ƙan Ɗantala, mutumin kirki. Su waɗannan ma'aikatan sai ranar zaɓe suke sanin mu 'yan ƙasa ne.

Kawu Sani Sabon Zongo:
Rabi, kwantar da hankalinki, babu wanda ya yi ƙarya a takardun nan. Ni akawu na yi shekara talatin, na san yadda suna ke lalacewa a bakin alƙalami. Mai rubutu Batone ne, wato mutumin Asante, ko Bafante, abin da kunnensa ya ji shi zai sa. Ka ce Muhammadu ya rubuta Mahama, ka ce Abubakar ya rubuta Bukari, Usman ya koma Osmanu, Sa'idu ya koma Seidu, A'isha ta koma Ayishetu. To Issaka Mahama shi ne Isiyaku Muhammadu, wannan ba gardama. Garba kuwa na san shi, ƙanin kakarki ne, tela a Alabar. Shi ya riƙe ubanki, shi ya kai shi makarantar boko, aka ce sunan uba ya ba da nasa. Rabin 'yan Zongo da suka yi boko a lokacinmu sunan mariƙi suke ɗauke da shi. Shekarar kuma rage ta aka yi, don an daɗe ana karatun allo kafin a kai yaro boko, sai ya yi wa aji ɗaya girma.

Abdul Boga:
Shekarun ƙwallo ke nan tun kafin a fara ƙwallon, Kawu.

Lauya Fati:
Yaya Rabi, bari in fara da doka don kada ki sha wahalar da ba ta zama dole ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta raba mutane gwargwadon lokacin da aka haife su. Wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne in har an haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a nan. Ɗaya kacal, ba duka ba, kuma ta wajen uwa ma ya yi. Wanda aka haifa ƙarƙashin tsarin mulkin 1992, kamar yaronki, ya isa a ce ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Babu inda doka ta ce sai mutum yana da ƙauye mai basarake da kujera. Don haka abin da kike nema guda ne: inda aka haifi uban Baba ko uwar Baba, ko ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu.

Amma kada ki sa rai da yawa a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Turawa da mutuwa suka fara, dokar maƙabartu ta 1888. Haihuwa sai 1912 aka shigo da ita, shi ma a wasu garuruwa ƙalilan. Sai 1965 aka yi dokar da ta game ƙasa duka. Mutanenmu kuwa a ɗaki ake haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai a yanka rago wanzami ya yi aski, an gama. Ki je dai ki biya a duba miki, ba a sani ba, amma ki ba su duk rubutun sunan guda uku.

Bashir Kano:
Anti Fati da kika ce kina Ankara na daɗe ina zaton Turkiyya kike nufi.

Lauya Fati:
Ankara ta bakin teku, wato Accra, Bashir. Ku da kuka bar mu kun manta baki.

Bashir Kano:
Ba mu muka bar ku ba, Firayim Minista Busia ne ya kore mu. 18 ga Nuwamba 1969 aka ba da sanarwa, duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mahaifina a Aboabo aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma ba shi da ko ƙyallen takarda, tsoro ya sa ya sayar da keken ɗinkinsa da arha ya bi ayari. Muka zo Kano aka ce mana 'yan Gwanja. Har ya rasu in ya yi mafarki da Twi, yaren Asante, yake magana. Shi ya sa nake cikin zauren nan, ina neman dangin uwarsa da suka rage a can.

Kawu Sani Sabon Zongo:
Bashir, maganar ta girmi Busia. A 1957, 'yancin kai ko shekara bai yi ba, gwamnatin Nkrumah ta ce a kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, da Alhaji Usman Larden, don suna tare da 'yan adawa. Suka shiga kotu suka ce mu nan aka haife mu. Kafin kotu ta gama saurare majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, aka ɗebe su zuwa Najeriya. In an yi wa Sarkin Zongo haka, wa ye tela? Tun ranar nan ya kamata mu ɗauki takarda da muhimmanci, ba mu ɗauka ba.

Mai kula da zaure:
Iyayena a bar siyasa, a taimaki Rabi.

TALATA

Ɗan Legon:
Mma Rabi, ni na yi wata uku ina shiga ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, PRAAD, lokacin da nake rubutun kammala digiri. Reshen Kumasi yana cikin harabar Cultural Centre. Abin da ya kamata ki sani kafin ki ɓata kuɗin motar haya: ba a jera takardun da sunan mutane ba. Ba za ki ce a ba ni fayil ɗin Malam Muhammadu a miƙo miki ba. An jera su ne da batu, harkokin Zongo, rabon filaye, shari'o'i, lafiya. Sai kin zauna kin bi shafi shafi. Inda na ga sunayen talakawa da yawa wuri uku ne. Takardun koke da jama'a ke kai wa Kwamishinan Asante a kan sarautar Zongo, musamman zamanin Malam Salau Bakatsine a shekarun 1920, a ƙasa za ki ga jerin masu dangwala yatsa, wasu sun sa hannu da ajami. Sai littattafan kotu, don mai ba da shaida yakan faɗi sana'arsa da inda ya fito. Sai kuma abin da ya biyo bayan annobar 1924, da aka rushe tsohon Zongo aka gina sabo aka sake zaunar da mutane. Akwai kuma ma'ajiyar Manhyia, fadar Sarkin Asante, in maganar fili ce. Ki duba gida tukuna, rasit ɗin kuɗin ƙasa na gidanku na Yalwa da sunan wa ake biya?

Rabi Aboabo:
Har yau da sunan kaka ake biya, Mallam Mahama Katsina. Na ɗauka hakan ma ya kashe ni, tunda ga Katsina a jiki.

Ɗan Soja Nima:
Bai kashe ki ba, Yaya. Sunan gari a bayan suna ba ya nufin can aka haifi mutum. Kakana ya je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, a littafin sallamarsa an rubuta Sokoto, alhali a Kintampo, nan Ghana, aka haife shi, ubansa ne Basakkwace. Haka soja ke yi, a ba ka sunanka da garinku ko ƙabilarka. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a Togo, sunansa a takarda Alhaji Grunshi. Ku shiga shafin hukumar kaburburan sojojin Commonwealth ku ga irin sunayen, Kano, Moshi, Dagomba, Fulani, Bazabarimi. Su ma Hausawan Glover, sojojin da Baturen Ingila Glover ya zo da su yaƙin Asante na 1874, ba duka Hausawa ba ne, Hausa ce harshen bariki. Duk wanda kakansa ya yi soja ya nemi lambarsa, tana cikin littafin sallamarsa. Lamba ba ta canjawa kamar suna.

Hajiya Mai Koko:
Ni takardar aure nake so a yi min bayani. Shekara arba'in da ɗaya da aurena, ban taɓa ganin wata takarda ba sai goro da dabino.

Lauya Fati:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Akwai dokar auren Musulmi tun 1907. Ta ce cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su je gaban mai rajista, a da Disi ne, wato kwamishinan gunduma, su sa hannu. Wa zai bar biki ya tafi ofishin Disi? Kuma limamai nawa ne ke da lasisin? Shi ya sa littattafan nan kusan fayau suke. Ba a jin zafin abin sai an zo rabon gado a kotu, a ce wa matar da ta haifi 'ya'ya tara ta kawo shaidar ita matarsa ce. Wasu masallatai da ƙungiyoyi yanzu suna ba da tasu takardar, tana da amfani, amma ba ita ce rajistar da dokar ke nufi ba.

Hajiya Mai Koko:
To Allah ya sa Alhaji ya riga ni jin wannan ya je ya yi.

Abdul Boga:
Ni fa ina ganin duk wannan wahala ce. A nan Hamburg sai ka tofa yawu a kwalba ka aika, bayan 'yan makonni a gaya maka asalinka. Ga kuma FamilySearch, shafin intanet na binciken asali, kyauta.

Ɗan Legon:
Yaya Abdul, yawun zai ce maka kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali, kashi kaza Ghana da Kwaddebuwa. Wannan ai ko Hajiya ta kalli fuskarka za ta faɗa maka ba ka biya ko sidi ɗaya ba. Ba zai ba ka sunan gari ba, kuma babu ofishin da zai karɓa. FamilySearch na cocin Mormon ne, suna da abubuwa a kan Ghana, amma wanda ba a taɓa rubuta shi ba ba zai fito a kwamfuta ba.

Malam Ƙarami Yalwa:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Kuna ta cewa kakanninmu ba su rubuta ba, ni kuwa na ce sun rubuta, ku ne ba ku iya karantawa ba. Duk gidan malami akwai kundi. In aka yi haihuwa, malam zai buɗe bangon Alƙur'aninsa ko wata warƙa a cikin kundi ya rubuta: an haifi wane ran kaza, kwana kaza ga wata kaza. Haka rasuwa, haka ranar da aka fita Hajji a ƙasa. Rabi, kakanki Malam Muhammadu yana da makarantar allo a zaurenku, mahaifina ya yi karatu a wurinsa. Da ya rasu littattafansa ba ubanki aka ba wa ba, tunda shi ɗan boko ne, wansa Malam Haruna aka ba wa. Ki tambayi iyalan Malam Haruna ina adakar. Kuma neman nan da kike yi ba don fasfo kaɗai ba ne, ya zo a hadisi cewa ku koyi nasabarku gwargwadon abin da za ku sada zumuntarku da shi.

Hajiya Mai Koko:
Kuma ki je wajen Gwaggonki tun tana da sauran hankali. Amma ki iya tambaya. Kada ki je da biro da littafi kamar 'yar sanda, rufe baki za ta yi. Ki kai mata goro fari, ki zauna ki tsefe mata kai. Kada ki ce wace shekara, ba ta san shekara ba. Ki ce lokacin wa ke goye, wa ke rarrafe, an yi kaza ko ba a yi ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan ubanmu ba, ko na yayanmu na fari, sai dai "mai gidan nan" da "wancan yaron". In ba ki san kunyar nan ba sai ki rubuta mutum ɗaya sau biyu ko ki bar shi gaba ɗaya.

ALHAMIS

Rabi Aboabo:
Jama'a na dawo, jikina har yanzu rawa yake. Na bi maganar Hajiya. Gwaggo ta ce ba ta san shekara ba, amma ta san Mma, uwar Baba, tana da tsohon ciki ranar da rana ta yi husufi bayan azahar, gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki, yara suna ta buga gwangwani, maza suka tafi masallaci. Ta ce sati mai zagayowa aka haifi Baba.

Daga nan na wuce gidan Baffa Haruna. Adakar tana ƙarƙashin gadon matarsa, an ɗora mata tsofaffin kwanonin lefe. Da muka buɗe, warin tsohuwar fata da kanamfari ya bugo ni. Gara ta cinye gefe guda, littattafai biyu sun zama gari. Amma Alƙur'anin yana cikin gafaka, an ɗaure tadarishin da igiyar fata, bai taɓu ba. A warƙar ƙarshe akwai layi goma sha ɗaya, tawada iri biyu, ta sama ta koɗe ta yi ja-ja, ta ƙasa baƙa. Na ɗauki hoto na tura wa Malam Ƙarami shi kaɗai.

Ɗan Legon:
Husufin nan sananne ne, 20 ga Mayu 1947, ranar Talata. Sati mai zagayowa 27 ga wata, Talata. Ɗantala!

Malam Ƙarami Yalwa:
Allahu akbar. Ban ga saƙon yaron nan ba sai da na gama nawa lissafin. Layi na bakwai, hannun Malam Muhammadu ne, na san rubutunsa. Ya ce an haifi Ishaƙa ranar Talata, bakwai ga Rajab. Shekarar bai sa ta da lamba ba, da ramzi ya sa, haruffa huɗu: shinun, sinun, sadun, wawun. A nan ne yaran da suka yi karatu a ƙasashen Larabawa ke faɗawa rami, don lissafin haruffa na gabas daban yake da namu. Mu irin na Magrib muka gada: shinun dubu, sinun ɗari uku, sadun sittin, wawun shida. Ya zama 1366. Rajab na 1366 kuwa washegarin husufin nan ya kama, ko da bambancin kwana ɗaya na ganin wata. Ga tsohuwa ta faɗa, ga kundi ya faɗa, ga sunan rana ya faɗa. Ubanki 1947 aka haife shi, katin zaɓe ya cinye masa shekara biyar.

Kawu Sani Sabon Zongo:
Ashe Ɗantala ya girme ni, shekara da shekaru yana ce min yaya.

Lauya Fati:
Malam, layukan sama fa? Su nake jira.

Malam Ƙarami Yalwa:
Na sama hannun uban Malam Muhammadu ne. Layi na biyu ya ce an haifi Muhammadu a Yeji, shekarar shinun, sinun, ya'un, ha'un, wato 1318, ta yi daidai da 1900, shekarar yaƙin Yaa Asantewaa. Kuma ya dace da tarihi, don bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watse, wasu Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo da Atebubu. Akwai sauran magana a layin, amma wannan ta Rabi ce, in ta so ta faɗa.

Lauya Fati:
Yeji ai a Ghana take! Yaya Rabi kin gama. An haifi Baba a Kumasi kafin 1957, an haifi ubansa a Yeji. Kundin ba takardar gwamnati ba ne, amma ki sa a fassara shafin, mai fassara ya sa hannu, Gwaggo ta yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen nan uku na mutum ɗaya ne, ki haɗa da rasit ɗin gida. Kada ki ba kowa asalin warƙar, hoto kawai.

JUMA'A

Rabi Aboabo:
Na kwana ina tunani, na ga gara in faɗa. Ragowar layin ya ce uwar Muhammadu kuyangar ubansa ce, Bagurunsa, sunanta Nagode. Mu tun muna yara ake ce mana mu Katsinawa ne gaba da baya, jikokin malamai. Ba a taɓa ambaton matar nan ba ko a addu'a.

Alhaji Tanko Asawase:
Rabi, ni ƙanin ubanki ne ta wajen uwa, ina da bakin magana. Wannan ba daidai ba ne. Kin samu abin da kike nema, sai ki rufe littafi. Zauren nan mutum ɗari biyu da wani abu ne, kina da 'yan mata a gida, 'ya'yan Haruna ma haka. Kin san halin mutanenmu in an zo binciken aure. Wanda ya rufe maganar nan shekara ɗari ba wawa ba ne. Ki goge.

Abdul Boga:
Alhaji da girmanka, wa zai fasa aure a wannan zamanin saboda abin da ya faru a 1900?

Hajiya Mai Koko:
Abdul kana Turai ba ka sani ba. Ana fasawa. Da idona na ga an mayar da kayan gaisuwa a kan wata tsohuwa ta ce "ai gidan nan kakarsu da igiya aka kawo ta". Ba za a faɗa maka a fuska ba, sai a ce an yi istihara ba ta yi kyau ba. Alhaji ba ƙarya ya yi ba. Amma ni ban ce ta goge ba. Duk gidan fatake a Zongon nan, in aka buɗe adaka, a nuna min wanda babu irin Nagode a ciki. Ayari maza ne ke tahowa daga Hausa, wata da watanni a hanya da jakuna, kanwa a kawo goro a koma. Matan da suka haife mu daga sama suka faɗo?

Ɗan Legon:
Lokacin ma ya nuna. A shekarun 1880 zuwa 1890 ne Zabarmawan Babatu suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, kasuwar Salaga ta cika da mutanen da aka kamo. Har yau Builsa suna bikin Feok a Sandema na tuna ranar da suka kore shi, kabarinsa kuma yana Yendi. Gurunsi ba ƙabila ɗaya ba ce, suna ne da aka yi wa Sisala da Kasena da wasunsu jimla, wasu ɓangaren Ghana wasu Burkina, don iyakar daga baya Turawa suka ja ta.

Malam Ƙarami Yalwa:
Alhaji Tanko yayana ne, ina jin tsoron da yake ji. Amma a shari'a ɗan da ubangida ya haifa da kuyangarsa ɗa ne cikakke, nasabarsa ta ubansa ce, yana gado daidai da kowa. Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne. Sukar nasaba kuwa Manzon Allah ya lissafa ta cikin al'adun jahiliyya. Sannan yadda aka kamo mutanen nan ma abin tambaya ne, ba ita ke da abin kunya ba. Kuma ku lura, tsohon da kansa ya rubuta sunanta a bangon Alƙur'aninsa, bai ɓoye ba. Na bayansa ne suka ɓoye.

Alhaji Tanko Asawase:
Malam, karatu daban zaman duniya daban. Ba kai za a ƙi 'yarka ba. Na faɗi nawa.

Bashir Kano:
Ni abin da ya tsaya min shi ne, ma'aikacin nan ya ce Rabi ta kawo garinsu na asali. Ga shi a duk gidan wadda ta fi kowa zama 'yar ƙasa ita ce aka goge.

Kawu Sani Sabon Zongo:
Tanko, ni da kai mun kusa. In muka tafi babu mai cewa Garba tela ne ba uba ba. Bar yarinya ta rubuta.

Rabi Aboabo:
Kawu Alhaji ka yi haƙuri, ban yi don in ɓata maka ba, kuma zan zo gida mu yi magana. Amma ba zan goge ba. Yau bayan sallar Juma'a na koma wajen Gwaggo na ce wace ce Nagode? Ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce wa ya gaya miki sunan nan? Ashe ta san ta. Ta ce tsohuwa ce 'yar ƙarama mai zane a fuska har zuwa goshi, ɗakinta na bayan madafa, su yara suna ce mata Kaka Ta Baya. Hausarta ba ta fita sosai. Ita ke yi musu daddawa, kuma ba ta cin abinci sai kowa ya ci. Ta rasu Baba yana rarrafe, a Tafo aka kai ta, babu alama. Gwaggo ta ce in tana niƙa a dutse akwai waƙar da take yi da wani yare, kullum ita ce dai guda, har su yaran suka haddace ba su san me take cewa ba. Na ce Gwaggo ko kina tunawa? Ta rufe ido ta yi min layi huɗu. Na ɗauka a waya, daƙiƙa talatin da takwas ne. Wataƙila bakin yara ya lalata kalmomin, shekara saba'in da wani abu ba wasa ba. Akwai wanda ya san mai jin Sisala ko Kasem da zai saurara?

Hajiya Mai Koko:
Turo min. Mai kawo min gawayi 'yar Tumu ce, ƙasar Sisala, gobe da asuba za ta zo.

Ɗan Soja Nima:
Ni ma turo. Akwai wani tsohon kofur ɗan Paga, ƙasar Kasena, a layinmu. In ba nasu ba ne zai san na su wa ne.

Rabi Aboabo:
Na tura muku. Hajiya ki sa mata a kunne, muryar Gwaggo ba ta da ƙarfi.